Na Hau, Na Sauko

Kafin ku cika min ƙasan rubutun nan da faɗa, ku bari in kai ƙarshe. Duk abin da za ku ce na riga na faɗa wa kaina, har da ƙari. Mako guda ban leƙo ba, wasunku har sun biyo ni ta saƙo suna tambaya ko aure aka ɗaura ban gayyace su ba. Ba aure ba ne. Iska ce ta kwashe mana rufi, ta kwashe wutar gari, ni kuma na ƙarasa sauran ɓarnar da bakina.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce ƙarama a gidanmu, kowa Auta yake ce min. Ina aiki a shagon ɗinki a bakin titi. Babana kafinta ne, rufin gidaje yake yi tun kafin a haife ni. Yayyena mata biyu sun yi aure, mijin babbar a banki yake, mijin mai bi mata likitan haƙori ne. Sai Gwaggo, yayar Baba, wadda ba a gidanmu take zaune ba amma ra'ayinta a nan yake kwana.

Shi kuma saurayina, abokan aikinsa Dogo suke ce masa. Ma'aikacin kamfanin wuta ne, cikin waɗanda ke ɗaura igiya a ƙugu su hau turke. Ranar da mitar shagonmu ta ƙone ya zo gyara, hannun rigar aikinsa a yage, na ce ya cire in kama masa. Ya ce nawa ne, na ce ya je kawai. Washegari ya dawo da wata rigar wadda na rantse da gangan ya ɓalle mata maɓalli. Tun daga nan yake ce min Telata.

Akwai abin da yake yi wanda sai kun san shi za ku gane girman laifina. Duk lokacin da zai hau turke sai ya turo min kalma biyu: "Na hau." In ya taka ƙasa ya sake turowa: "Na sauko." Wani lokacin sau shida a rana. Da farko dariya abin yake ba ni, har na ce masa ni ba mai gadin ƙofa ba ce da za a riƙa sanar da ni shiga da fita. Sai ya ce mahaifiyarsa ce ta ɗora shi a kan haka tun ranar da ya fara aikin, don ba ta iya cin abinci sai ta san ya sauko. Da ta rasu ya yi shekara biyu yana hawa yana sauka ba wanda zai gaya wa.

"Yanzu na samu," ya ce. "In ya dame ki sai in daina."

Ban sake yin wasa da abin ba. Da ragowar yadin wata rigata, kore mai zanen farin ganye, na ɗinka masa ƙaramar jakar waya mai zif da madauri, don ya rataya a bel ɗinsa kada wayar ta suɓuce masa daga sama.

To, ga inda na ɓata. Wata huɗu da suka wuce na gaya wa Mama akwai mai zuwa. Ban yi sa'a ba, Gwaggo tana falo. Ta sauke kofin shayinta, ta gyara tabarau, ta dube ni ta samansa.

"Me yake yi?"

"A kamfanin wuta yake."

"Kamfanin wuta da faɗi, Auta. Har mai shara a kamfanin wuta yake. Me yake yi?"

Na tuna yadda take kiran mazajen yayyena da aikinsu, "ɗan bankinmu", "likitanmu", kamar ita ta biya musu kuɗin makaranta. Na tuna rigar Dogo mai ruwan toka da tabon baƙin mai a gwiwa. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Injiniya ne. Yana da ofis."

Gwaggo ta yi murmushin da ban taɓa samu daga wajenta ba, ko ranar da na gama makaranta. Kafin mako ya zagayo dangi duk sun ji. Ni kuma na shiga aikin riƙe ƙarya, wanda ya fi ɗinkin rigar amarya wahala. Na ce wa Dogo kada ya zo gida sai manyansa sun fara zuwa, wai Baba ba ya son zance a ƙofar gida. Ya yarda, har yana yaba tarbiyyar gidanmu. Kullum ina cewa gobe zan gyara maganar, goben ba ta zo ba, har aka sa ranar zuwan kawunansa, saura mako biyu.

Sai iskar ta zo. Bayan la'asar ne, ina tsakar gida ina kwashe shanya. Sama ta yi wani irin ja, tsuntsaye suka yi tsit, sai ƙara daga nesa kamar manyan motoci sun jero. Mama ta fizgo ni muka faɗa ɗakin girki. Ta taga na ga kwanon ɗakina ya ɗaga baki, ya koma, ya sake ɗagawa, sannan ya tashi gaba ɗaya da katakonsa ya haye katanga. Ruwa ya biyo baya. Minti ashirin duka-duka, amma da muka fito sai da na rasa gane gidanmu. Silin ɗin ɗakina ya rufto a kan gado, katifa ta sha ta ƙoshi, durowar kayana ta kife, duk suturata tana iyo cikin ruwa da ɓaraguzai. Bishiyar maƙwabta ta kwanto a kan wayoyin wuta, turke biyu a layinmu sun karye, na ƙofar gidanmu ya karkace yana lilo da wayoyi.

Ba a rasa rai a layinmu ba, mun gode Allah. Amma wuta ta tafi, sabis ɗin waya ya bi ta, ruwan famfo ya bi su. Wayata ta mutu tun daren farko. A rana ta biyu Mama ta buɗe firij ta rufe da sauri, aka kwashe abin da ke ciki aka dafa wanda zai dafu, aka raba wa maƙwabta kafin ya lalace. Muka koma awon ruwa da kofi. Mai janareta ɗaya ne a layin, layin masu cajin waya a ƙofarsa ya kai kwana, kuma man ya ƙare kafin a zo kaina. Shagonmu a rufe, kekunan duk na wuta ne. Da rana mu shanya katifa da littattafai a kan katanga, da yamma mu kwashe, sauro kuwa ya samu gidan da ba rufi ya gayyato danginsa.

A rana ta biyun ce Gwaggo ta iso da jakarta, nata gidan ma rabin rufin ya tafi, kuma tabaranta ya fashe a cikin hayaniyar. Ba ta gani sosai, amma bakin lafiya lau.

"Ina injiniyan naki? A ce surukin gida yana kamfanin wuta mu kwana uku a duhu?"

"Aiki ya yi musu yawa, Gwaggo."

"Shi da ke ofis? Ai umarni kawai zai bayar."

Na ci gaba da matse labule. A raina kuwa ba ofis nake gani ba. Na san yana can saman wani turke tun asuba, cikin wayoyin da iska ta cakuɗa, yana turo min kalma biyu da ba sa isowa. Abinci ya daina wuce min, kamar yadda ya ce mahaifiyarsa take yi.

Rana ta huɗu da hantsi muka ji ƙarar babbar mota da hayaniyar mutane. Baba yana kan rufin ɗakina tun safe, shi da gudumarsa da kwanon da ya tsinto a bayan layi ya miƙar. Kayana duk ba su bushe ba, suna warin ruwa, riga ɗaya ce ta tsira don tana rataye a ɗakin Mama tana jiran guga. Koren nan mai farin ganye. Ita na sa, duk a yamutse, na yafa tsohon mayafin Mama ruwan ƙasa, ƙafata cikin silifas ɗin wanka.

"Auta, 'yan wuta sun zo," in ji Mama. "Ɗauki butar nan da kofi ki kai musu, ko ba yawa."

"Mu je tare," Gwaggo ta ce, ta dafa kafaɗata. "Ina da magana da su."

Tun kafin mu kai ƙofa na fara addu'ar kada ya zama yana cikinsu. Garin nan da girma, na ce a raina, ma'aikatan da yawa, ba lallai ba ne. Muka fito. Mutanen layi sun kewaye motar, wasu na sannu da aiki, wasu na mitar sai yau aka ga dama. An miƙar da turken ƙofar gidanmu an tokare shi. Na ɗaga kai.

Takalman na fara ganewa. Sannan dogayen ƙafafun, rigar ruwan toka da ta koma baƙa don gumi, hular kwano, da ƙaramar jaka kore tana lilo a ƙugunsa. Ya rame a kwana huɗun nan, idanunsa sun yi ja. Ya sunkuyo ya gan ni, fuskarsa ta washe gaba ɗaya, irin murmushin wanda ya daɗe yana jiran abu. Har ya buɗe baki zai yi magana.

"Kai yaro," Gwaggo ta ɗaga murya, tana kare ido da hannu. "Kai na sama. Sannu da aiki."

"Yauwa Mama, sannunku da jaje. Ya aka ji da iska?"

"Da godiya. Ka ga gidan nan? Da shi za ku fara. Ogan ku ne zai auri 'yar gidan, injiniyan da ke ofis. Saura mako biyu manyansa su zo. In kuka yi mana wasa zai ji."

Wasu suka yi dariya. Mai shagon kusa da mu ya ce ashe muna da babban mutum a layi ba mu sani ba. Dogo bai yi dariya ba. Ya dubi Gwaggo, ya dube ni, murmushin bai gama barin fuskarsa ba tukuna.

"Wane injiniya ke nan, Mama?"

"Auta, gaya masa sunansa."

'Yan uwa, ƙofa ce aka buɗe min har bango. Kalma uku kawai zan ce, shi ne wannan, in sha kunyar minti biyar a gaban Gwaggo da mutanen layi, shi ke nan. Na ji idanu a kaina ta ko'ina. Na dubi silifas ɗina. Na ji muryata tana fita, siririya, kamar ta wata.

"Ba zai san shi ba, Gwaggo. Ba sashensu ɗaya ba."

Ban ɗaga kai ba. Gudumar Baba ta tsaya a kan rufinmu. Sannan ya yi magana, a hankali, da ladabi, ba ko rawar murya.

"Haka ne, Mama. Mu na waje ne, ba mu cika sanin na ofis ba. Amma za a gyara muku, in Allah ya so yau za ku kwana da wuta."

"Yaro mai hankali," Gwaggo ta ce. "Auta, ba shi ruwa."

"A ba na ƙasa, Mama. Ni na ƙoshi."

Na miƙa wa abokan aikinsa butar, garin sauri har ruwan da muke awo da kofi ya zube a ƙasa. Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo mai furfura da ya taɓa rako shi shagonmu, ya karɓa ya kau da kai. Da ma ya zage ni.

Na koma ciki na shige ɗakin girki na zauna a kan buhun gawayi. Ban yi kuka ba, kunyar ta fi ƙarfin kuka. Ta taga ina hango su biyu a sama, Baba a kan rufi, shi a kan turke, tsayinsu ɗaya, tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Baba ya miƙa masa wani abu, ina jin filaya ce. Suka yi magana, suka yi aiki, suka sake magana. Sama da awa biyu suna hira a saman kaina, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Gab da magariba fankar falo ta motsa. Firij ya yi tari ya kama. Layi ya kaure da murna, Gwaggo tana cewa kun gani, sunan surukina kawai na ambata. Na ji motar ta tashi ta tafi. Na jona wayata a caji, ina tsaye a kanta, sai Baba ya kira ni daga sama.

"Auta, zo ki riƙe min tsani."

Na riƙe da hannu biyu. Ya sauko a hankali, mataki-mataki, gwiwarsa na ƙara. Da ya taka ƙasa bai wuce ba. Ya zuba ragowar ƙusoshi a aljihu, ya dubi rigata tun daga wuya har ƙasa.

"Yadin nan ya yi saura, ko?"

"Baba?"

"Na ga ragowarsa a ƙugun wani. Ɗinkin ma na gane shi, ke kaɗai kike ninka bakin zif haka."

Na sunkuyar da kai. Na so ƙasa ta tsage.

"Bai ce min komai a kanki ba, kada ki zarge shi. Na tambaye shi wa ya ɗinka masa, ya ce wata ce da yake ganin girmanta. Daga nan ya koma zancen waya da katako." Baba ya buɗe tafin hannunsa, duk kanta da sabon yanka. "Shekara talatin da huɗu ina hawa rufin mutane, Auta. Da tsanin nan na ciyar da ku, da shi na kai ku makaranta. Farkon aurenmu mahaifiyarki ce take riƙe min shi in ba yaran aiki, tana tsaye a rana, a gaban kowa. Ban taɓa sanin abin kunya nake yi ba sai yau."

"Baba, wallahi ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Bai ɗaga murya ba, bai ce zai gaya wa Mama ba. Ya saɓa tsaninsa a kafaɗa.

"Gwaggonki matar kafinta ce ta haife ta, 'yar kafinta ce, yayar kafinta ce. Ni zan ji da ita. Shi kuwa ba ni na yi masa ba."

Ya wuce bayan gida. Na koma ɗakin Mama. Wayar ta kunnu, sabis ya dawo, saƙonni suka fara shigowa a jere tana ta rawa a kan tebur. Duk nasa ne, na kwana huɗu.

"Telata, kuna lafiya? An ce layinku ya taɓu."

"Na hau."

"Na sauko."

"Na bi ta bakin layinku da mota, na hango babanki a tsaye, hankalina ya kwanta. Ban tsaya ba, na tuna dokarki."

"Na hau."

"Na sauko. Yau turke tara. Hannuna har ya daina jin zafi."

"Na san ba kya gani. Ina turowa ne kawai, na saba."

Na ƙirga, "Na hau" ashirin da shida. Na ƙirga "Na sauko", ashirin da biyar. Na ƙarshen na hantsin ranar ne.

"Na hau. Na roƙi oga ya ba mu layinku yau. In kin fito ki ɗaga kai."

A nan kukan ya zo. Na ga saukowarsa da idona ta tagar ɗakin girki, na ga ya kwance igiya ya shiga mota, amma bai turo ba. Na rubuta na goge ya fi sau goma, daga ƙarshe na tura abin da ya fi sauƙi.

"Ka sauko lafiya?"

Ya karanta nan take. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Allah ya sanya alheri. Ba zan tsaya miki a hanya ba, zan gaya wa kawuna su dakata. Abu ɗaya kawai nake so in sani, don kada in riƙa gaishe shi a ofis ban sani ba. Wane ne shi?"

Sai a lokacin na gane. Ashe duk awannin nan da ya yi a saman turkenmu yana haɗa mana wuta, yana zaton akwai wani. Ya yarda an fi shi, bai taɓa kawowa a ransa cewa shi ɗin ne na ɓoye ba. Na zauna a bakin gadon Mama, fanka na juyawa a kaina da wutar da ya kawo, ina auna wacce amsar ce za ta fi yi masa ciwo. In na bar shi da wani injiniya, ni maci amana ce. In na gaya masa gaskiya, ni ce wadda ta ɗinka masa jaka ta kuma ji kunyar ƙugun da ke ɗauke da ita.

Na rubuta: "Babu wani. Kai ne. Ni na ce musu kai injiniya ne, don na ji kunyar in ce turke kake hawa. Ba ni da hujja."

Na tura kafin tsoro ya hana ni. Ya karanta. Bai amsa ba.

Da safe na sami Gwaggo a falo na durƙusa na gaya mata da bakina, ban jira Baba ba. Abin da ta ce min sai wani zaman, kunnena har yanzu zafi yake. Na gama, na koma na ɗauki waya. Ƙarfe bakwai da rabi yake fara hawa. Na zauna da ita a hannu, cajinta cike, sabis cike, har takwas, har tara, har rana ta take.

Yau kwana uku ke nan. Rabin gari har yanzu ba wuta, na san yana can saman wani turke cikin wayoyin da iska ta cakuɗa. Mama ta ajiye min abinci tun rana, ga shi nan a rufe. Ban san ko ya hau ba, ban san ko ya sauko ba.